TSUTSAR HANTA DA TA BI KOGI

Yau hirarmu a kan wata tsutsa ce da ke cin hantar namun daji a Turai.

Mahauta da makiyaya sun san ciwon hanta. A bakin kogin Kwara da tafkin Cadi, ana yanka saniya a tarar da tsutsa mai faɗi kamar ganye cikin hantarta. To, wadda muke magana a kanta ƴar'uwarta ce, amma ta fi ta girma. Tsawonta yana kai santimita 10.

Asalinta daga Amurka ta Arewa ne. An kai manyan barewa daga can zuwa gandun sarki kusa da birnin Torino na Italiya, tsutsar na cikinsu, ba wanda ya sani. A 1875 aka gano ta a wurin.

Ku saurara da kyau, ga yadda take yaɗuwa. Ƙwanta yana fita cikin kashin barewa, ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe. Ƴar tsutsar ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta taɓo. Can ta hayayyafa, ta fito, ta manne a ciyawa. Dabba ta ci ciyawar, shi ke nan ta kamu. In babu katantanwa, tsutsar ba ta da hanya.

Babbar barewa tana iya ɗauke da ita shekaru tana zuba ƙwai. Tumaki da awaki kuwa ba su jurewa. Tsutsar tana ta yawo cikin hantarsu har su mutu cikin ƴan watanni.

A dazukan bakin kogin Danub an gan ta a Silobakiya a 1988, a Hungari a 1994, a Kuroshiya a 2000, a Sabiya a 2008. Ku duba, inda ruwa ya nufa can ta nufa. Barewa kuma ba ta san iyakar ƙasa ba.

Shi ya sa masana suke yin taswira, wato zanen ƙasa bisa takarda. Maharba suna kawo hantar abin da suka harbe, likitocin dabbobi su duba, a sa alama inda aka samu tsutsa. Sannan a zana fadamu, da inda ambaliya ke kwanciya, da inda katantanwa ke zama, da hanyoyin barewa. Wurin da waɗannan suka haɗu, ko ba a ga cutar ba tukuna, can ake jin tsoro.

A irin wuraren nan ake sa wa barewa magani cikin abinci a daji. Aiki ne mai wuya, don wata ta ci da yawa, wata ba ta zo ba sam. Masu tumaki kuma a gargaɗe su, su kau da garkensu daga fadamar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.