Bakwaini da Lafiyar Kwatangwalon Jariri

 Kafin mu buɗe akwatin adashi, ina so mu tattauna kan bakwaini, wato jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37.

Bakwaini ya fi sauran jarirai zuwa ta ƙafa ko ta ɗuwawu. Jaririn da ya zo a haka, musamman mace, ya fi samun matsalar kwatangwalo, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. Abin ba ya yi wa jariri ciwo, shi ya sa sau da yawa ba a lura sai ya fara tafiya yana ɗingishi.

Lokacin wanka ku duba. Ƙafa ɗaya ta fi gajarta? Cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar 'yar'uwarta? To, asibiti za a kai shi, ba wurin mai ɗori ba. Kafin wata 6, yawanci wata ɗamara mai laushi likita zai sa masa. In aka makara, har tiyata ana yi.

Saboda sanyi mukan naɗe bakwaini tamau. Ku lulluɓe shi, amma kada ku miƙar da ƙafafunsa ku ɗaure. Ku rungume shi a ƙirji, fata da fata, ƙafafu a buɗe kamar na kwaɗo. In ya yi ƙwari, goyonmu na baya ma yana taimaka wa kwatangwalo.

Kuɗin mota kuwa, don irin wannan muka ware asusun gaggawa. Mai jego ta yi magana, kada ta ji kunya.