Kwaikwayon Aikin Gwanaye Wajen Koyar da Zane



An ba ni dama in yi magana kan darasin zane, wanda da yawa daga cikinmu muke koyarwa ba don shi muka karanta a kwalejin ilimi ba. Tambayar da na kawo ita ce: daidai ne yaro ya koyi zana abu yadda yake a zahiri ta hanyar kwafar aikin wani? Amsata ita ce daidai ne, muddin malami ya san inda za a tsaya.

Tarihi ya goyi bayan haka. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane ne ta kwafar hotunan da ke cikin littattafai da mujallun Turawa. Ya riga ya yi suna wajen zana fuskokin mutane a Legas kafin ya tafi karatu Ingila a 1920, kuma da ya dawo ya dage sai da darasin zane ya sami gurbi a makarantun Legas. A Turai ma, Vincent van Gogh ya kwafi ayyukan Jean-François Millet da dama, har bayan hannunsa ya nuna. Mu kanmu da haka muka koyi rubutu: malam ya rubuta a allo, mu bi sawunsa.

Me ya sa hanyar take aiki? Yaro yakan zana abin da ya sani, ba abin da idonsa ya gani ba. Ya san bakin ƙwarya a kewaye yake, don haka zai zana shi da'ira ko da daga gefe yake kallonsa, alhali daga gefe siffar ƙwai yake bayarwa. Gwanin mai zane ya riga ya warware wannan matsala a takarda. Idan yaro ya bi layukansa, zai ga yadda abu na nesa yake ƙanƙancewa, da inda haske yake sauka, da yadda inuwa take ba tulu ciki.

Sai dai kwafa iri biyu ce. Ɗora takarda a kan hoto a bi da fensir ba ya koya wa ido komai. Wadda take da amfani ita ce a ajiye hoton a gefe, yaro ya auna tsawo da faɗi da fensirinsa, ya fara da manyan siffofi, sannan inuwa, launi kuwa daga ƙarshe. Ga masu farawa, a raba hoton gida-gida, a raba takardarsu haka, su cika gida bayan gida. A kuma sa kowane yaro ya rubuta sunan mai asalin aikin a ƙasan kwafinsa, domin ya tashi da sanin cewa aro daban, mallaka daban.

Inda za a tsaya kuwa shi ne nan: kayan aro ba ya rufe katara. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya domin ƙin zama 'yan amshin shatan salon Turawa. Ba su watsar da ƙwarewar da suka koya ba, sun juya ta ne ga rayuwar mutanensu. Haka ya kamata mu yi a aji. Bayan mako biyu ko uku ana kwafa, a ɗauke hoton, a ajiye buta ko faifai ko zangarniyar gero kusa da taga, a ce su zana abin da suka gani. Yaron da ya gama firamare bai taɓa zana abin da ke gabansa ba, mun horar da hannunsa, mun bar idonsa.

Roƙona ga reshe shi ne a shirya mana bita ta yini ɗaya, waɗanda suka karanci zane a cikinmu su nuna wa saura waɗannan matakai. Fensir da takarda da tsofaffin kalanda sun isa a fara.

Allah ya sa mu sauke amanar yaran nan.