Wakafin Gida Ba Ya Tsayuwa Sai Da Abin Gyara

Ya 'yan'uwa na Ikara, Maƙarfi da Kudan, jawabinmu a kan gidajen da bayin Allah ke ginawa domin marayu da iyayensu ne.

Gini abu ne na shekara guda, amma riƙo na kullum ne. Damina tana cin katanga, iska tana yaye kwano, mazauna kuwa ba su biyan haya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, siminti da katako suka yi tsada. To, da me za a yi gyara?

Mu dubi wakafin Sayyidina Umar (RA) a Khaibar. Gona ce mai amfani: aka tsare asalinta, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, ana raba abin da ta fitar. Malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa da gyaran wakafi ake farawa kafin rabo.

Saboda haka, wanda zai ba da gida, ya haɗa shi da gonar rake a Maƙarfi ko Hunƙuyi, ko fadamar tumatir a Ikara, ko rumfar kasuwa. A naɗa amintaccen mai kula, a rubuta shiga da fita, a karanta lissafi gaban jama'a kowace shekara. Dukiyar maraya amana ce, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba mu ikon cikawa.