Amsoshin Wasiƙunku: Kwamfutar Kanti Da Cajin Wayar Maƙwabta

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai kantin kayan masarufi a Gwandu. Ya ce yana da kwamfuta a kanti, haɗe da na'urar buga rasit da 'yar fitilar nan mai karanta lambar kaya. To, maƙwabta kan kawo wayoyinsu a soka a jikin kwamfutar su sha caji, da an yi haka kuma sai fitilar ta riƙa ɗaukewa ana tsakar ciniki.

To Alhaji, kafofin nan da ake kira USB kowace da ma'auninta. Wutar da suke bayarwa bolt 5 ce. Tsohuwar kafa ba ta wuce wat 2 da rabi, mai launin shuɗi a ciki kuwa wat 4 da rabi. Ku manoman shinkafa kun san zancen: injin ban-ruwa ɗaya, in aka buɗe masa hanyoyi da yawa, fangalin ƙarshe ne zai kwana da ƙishi. In jan wutar ya yi yawa, kwamfutar da kanta takan rufe kafar don kada ta ƙone. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma kan na'ura, saboda haka ɗaukewar minti biyu na iya jawo musu da mai saye. Ni dai a ganina, ka sama wa maƙwabta caja daban a kan batirin sola, a ci gaba da zumunci.

Sai ɗan'uwanmu na Kalgo, wanda ya ce cajar na'urar rasit ɗinsa ta ɓace, ya maye ta da ta laftof, yanzu rubutu na fitowa dishi-dishi. Malam, cire ta yau ɗin nan. Irin wannan na'ura ba ta da tawada, zafi take sa wa takarda rubutu ya fito, shi ya sa rasit kan baje in ya sha rana. Manyan na kan tebur galibi bolt 24 suke so, cajar laftof kuwa yawanci 19 ce. Durowar kuɗi ma daga jikin na'urar take samun wutar da ke buɗe ta.

Kwamfutocin da aka ƙera musamman don kanti suna da wata kafa mai hawa biyu, PoweredUSB, wadda kamfanoni irin su IBM da NCR suka fito da ita. Ja bolt 24 ce, mai ruwan kore-shuɗi kuwa 12, kuma an yanka bakin kowace daban. In waya ta ƙi shiga, kada a danna da ƙarfi.

Kafin ka tafi Birnin Kebbi sayen sabuwar caja, kifa na'urar ka kwafi lambobin bolt da amfiya da ke rubuce a ƙasanta, ka nuna wa mai shago.