Jawabi Ga Mazauna Sabo A Kan Kuɗin Jana'iza

Iyayenmu malamai, dattawa, da sauran 'yan uwa mazauna Sabon Ibadan.

A gida Arewa, in mutum ya rasu da safe, kafin azahar maƙwabta sun haƙa kabari an kai shi makwancinsa. Nan Kurmi kuwa, asibiti ba ya sakin gawa sai an biya kuɗin jinya da na mutuware, kuma kowane kwana da nasa lissafin.

To, in za ku ɗauki motar kamfanin jana'iza, ku yi ciniki tun kafin a ɗora gawa. Ku ce musu mota kaɗai muke so, ba akwati, ba allurar hana ruɓewa. Wanka da sutura aikinmu ne: likkafani ƙyalle 3 ga namiji, 5 ga mace.

Kuma don Allah a daina cin bashi don kai gawa Kano ko Sakkwato. Ƙasa duk ta Allah ce, kuɗin motar nan marayu sun fi buƙatarsa.

Shawarata, mu buɗe asusun jana'iza, kowane magidanci ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk Juma'a. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.