Ƙwanjin Ɗalibi Ɗan Kokawa

Ba banza Hausawa suka ajiye kokawa da dambe sai kaka ba, lokacin da noma ya murje jiki, rumbu kuma ya cika. Ɗalibin jami'a mai kokawa ba shi da gona, ɗaga nauyi shi ne nomansa. Amma a fage gajiyar da tsoka ake yi, sai an ci an yi barci take ginuwa. Mai nauyin kilo 70 yana bukatar furotin, watau sinadarin gina jiki, kimanin giram 120 kullum, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne. Saura sai wake, gyaɗa, kifi da nono. Wanda jarrabawa ta mayar ga shan gari da kwanan zaune, ƙwanjinsa zubewa yake yi, ranar karawa kuwa kafaɗa da gwiwa su ji jiki.