Ranar da Gada Ta Karye: Jawabi a Bikin Yaye Ma'aikatan Lafiya na Birnin Kudu da Gwaram



Mai girma shugaban taro. Wakilin Mai Martaba Sarkin Dutse, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni na ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, ranku ya daɗe. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙananan hukumominmu biyu. Manyan jami'an lafiya da suka yi sammako daga Dutse. Iyayenmu mata da ke zaune a rumfa tun hantsi. Sai ku 'ya'yana, waɗanda dominku aka shimfiɗa tabarmar nan. Barkanmu da wannan rana.

Da aka kawo mini takardar gayyata, sai da na tambayi ɗan aiken ko bai yi ɓatan kai ba. Taron waɗanda suka koyi aikin lafiya da na'ura ne, ni kuwa shekara talatin da 'yan kai na yi a ɗakin kati, tsakanin ƙura da gara, makamina biro da rula. Ya ce ai dalilin ke nan. To, tunda an ba tsoho lasifika, sai a yi haƙuri da shi.

'Ya'yana, kun yi makonni kuna koyon shigar da awon ciki da rigakafi da lissafin magani a waya. Ga shi kuma ana ta maganar tsarin ƙasa: a 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau nan maƙwabtanmu, ya kafa kwamitin da zai tsara yadda bayanan lafiyar 'yan Najeriya za su koma na'ura. Kafin shi an yi wani kundin da aka ɗiba wa 2015 zuwa 2020. Jihohi ma suna zana nasu. Ganin manyan da ke riƙe da alƙalamin wannan zane suna zaune a gabana, ba zan bar damar ta wuce ba.

Zan fara da wata ƙasa da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Yamma da Sanigal, can cikin teku, akwai Kabo Berde, tsibirai goma, tara daga ciki da mutane. Yawansu duka wajen rabin miliyan. Manyan likitocinsu sun taru a birane biyu, saura kuwa in ciwo ya yi tsanani sai jirgin ruwa ko na sama, in an samu, in kuma teku ta yarda. A 2012, da taimakon ƙasar Sulobeniya, suka soma haɗa asibitocin tsibiran da intanet, yadda likitan zuciya zai zauna a babban birni ya duba majinyacin da ke wani tsibiri, ya ce wannan a kawo shi, wancan a ba shi magani kaza a inda yake. Abin da ya burge ni a lamarinsu shi ne tambayar da suka fara da ita: wane ne ruwa ya raba da likita, kuma ta yaya za a kai gare shi? Maganar irin na'urar da za a saya daga baya ta biyo.

Wani zai ce, Malam, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, ina ruwanmu da tsibiri? To ku duba. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu sama da mutum 300,000, ta ba Gwaram sama da 270,000. Wato tun wancan lokaci mu biyun nan mun fi Kabo Berde yawa. Su ƙasa ce mai tuta da minista, mu ƙananan hukumomi biyu ne. Batun teku kuwa, ku tambayi mutumin ƙauyen da ke bayan rafi a watan Agusta. In ruwa ya sauko, ɗan acaɓa ya ce ba zai shiga ba, motar ƙungiya ta tsaya a bakin gaɓa, wannan ƙauye ya zama tsibiri har sai ruwa ya janye. Mutanen Gwaram ba su manta daminar 2021 ba, lokacin da gada ta karye a hanyar Basirka, motoci suka afka, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu da rahama. Naƙuda ba ta san gada ta karye ba. Jijjiga ba ta jiran ruwa ya janye.

Don haka roƙona na farko ga masu zana tsari: ku zana shi don wannan rana. Ranar da hanya take lafiya, sabis ya cika, wuta ta kwana, kowane tsari ma yana aiki.

Mutanen Tonga, wasu tsibirai a Tekun Fasifik masu mutum wajen 100,000, sun ɗanɗana wannan. Ran 15 ga Janairun 2022 dutse mai aman wuta ya fashe a cikin teku, ya tsinke igiya ɗaya tilo da ke kawo musu intanet. Sun fi wata guda kafin a gyara. Mu ma a Maris na 2024 igiyoyin da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka samu matsala, bankuna suka rikice, masu POS suka zauna suna hamma. Wancan na kwanaki ne har ya zama labarin duniya. A wasu ƙauyukanmu kuwa kullum haka ake, sai an hau tudu ko an je gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin waya ta kama. Duk manhajar da za a ba ma'aikaciyar da ke can, ta zama mai karɓar rubutu ko babu sabis, ta adana, in an samu ta tura da kanta. A haɗa mata da sola, a kuma sa kuɗin data da na gyara a kasafin kowace shekara. Rajistar takarda ma kada a yi saurin yi mata ritaya. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Bari in ba ku abin da ya faru a kan idona, a wani wurin da na yi aiki, ba sai na kama suna ba. Wani shiri ya zo mana da kwalaye, aka yi biki kamar na yau, aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto. Na'urori sababbi fil. Aka koya wa mutum ɗaya, shi kaɗai ya san lambar sirrin buɗewa. Bayan wata huɗu aka yi masa canjin wurin aiki. Shirin ya ƙare, masu shi suka naɗe tabarma, na'urorin suka koma sito aka sa kwaɗo. Da aka buɗe bayan shekaru, batir ya kumbura kamar burodi. Ana cikin haka wata rana aka kawo mana mace daga ƙauye tana zubar da jini bayan haihuwa. Mijin ya zaro takardar turowa daga aljihu, ruwan rafi ya cinye tawadar, ba a iya karanta ko harafi. Ba mu san allurar da aka yi mata ba, ba mu san rukunin jininta ba, ita kuma ba ta iya magana. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Amma mintunan da muka ɓata muna lalube, ga na'urori na barci a sito, har yau suna yi mini ciwo.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Duk tsawon aikina, bayanai hanya ɗaya suke bi: sama. Ƙarshen wata ma'aikaci ya haɗa alƙaluma, ya kai ƙaramar hukuma, a shigar a DHIS2, manhajar nan da Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke kula da ita, wadda ƙasashe da dama ke amfani da ita har da tamu. Daga nan Dutse ta gani, Abuja ta gani, masu ba da tallafi su gani. Madalla, da haka ake sanin inda ƙyanda ta ɓulla da inda magani ya yanke. Amma matar da aka ƙirga fa? Ta je awo sau huɗu a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyensu, an auna jininta, an ga yana hawa, an rubuta. Ranar da aka garzayo da ita asibitin tarayya na nan Birnin Kudu, sai a buɗe mata sabon kati kamar yau aka haife ta. Alƙalumanta sun isa Abuja, labarinta bai iso Birnin Kudu ba. Mai ciwon suga haka, mai sikila haka, kowane asibiti da katinsa, kowane kati da kuɗinsa.

Ga kuma wahalar ma'aikaci. Masu rigakafi da fom ɗinsu, masu zazzaɓin cizon sauro da nasu, masu tamowa da nasu, masu tarin fuka da nasu. Yanzu kowa ya mayar da fom ɗinsa manhaja, sai ka ga yarinya ɗaya a asibiti da waya uku a aljihun riga, ga rajista shida a tebur, ga layin mata har waje. Sunan jariri ɗaya ta rubuta shi sau biyar. In tsarin da ake zanawa bai rage mata wannan ba, an dai sauya wa jaki mangala ne, kayan na nan. Ina roƙo a kafa sharaɗi: duk mai son kawo manhaja Jigawa, ya kawo wadda za ta yi magana da 'yan'uwanta, a rubuta sau ɗaya, kowa ya ɗiba daga nan. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, ta bi shi daga Sara zuwa Gwaram, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, har Kano in ta kama. Kuma a tuna akwai masu shigowa daga ƙasar Bauchi cin kasuwa da neman magani, akwai Fulani masu tashi da shanu. Ciwo bai san iyakar jiha ba.

Jigawa ba baƙuwar irin wannan tunani ba ce. A 2007, zamanin Alhaji Sule Lamido, ɗan Bamaina, aka kafa tsarin Gunduma, aka kasa jihar gida tara don ƙaramin asibiti da babba su zama tsintsiya ɗaya. An sauya fasali daga baya, amma manufar tana nan daram, kuma ita ce ya kamata na'ura ta yi wa hidima. Mun kuma ga amfanin na'ura da idonmu a yaƙin shan inna: da aka soma ba masu ɗigon rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, aka zana taswira da hoton tauraron ɗan'adam, sai ga rugage da unguwanni da ba sa cikin lissafin kowa. Ran 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Waya ta taimaka, amma ƙafar matan da suka shiga gida-gida da bakin iyayenmu sarakuna su suka buɗe ƙofofi.

Yanzu gare ku, 'ya'yana. Abu biyu.

Kada ku rubuta abin da ba ku yi ba. Na san yadda ake yi: wata ya ƙare, an matsa a kawo adadi, sai a zauna gindin darbejiya a cike gurabe. Mu a zamaninmu ƙaryar takarda a kwali take kwana, gara ta rufa mana asiri. Taku kafin ku kai gida ta isa Abuja, an gina kasafi a kanta, an ce yaran ƙauye kaza duk sun samu rigakafi, sai mashaƙo ya zo ya ƙaryata ku. In allura goma kuka yi, ku rubuta goma. Ku kuma shugabanni, in yarinya ta kawo goma, a tambaye ta me ya hana, kada a zare mata ido, don zare idon ne ke haifar da ɗari ta bogi.

Sai amana. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa ɗan'uwan kowa ne. Abin da mace ta faɗa miki a ɗakin awo, wataƙila ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Wayar aiki ba ta kallon fim ba ce, ba a ba ƙane ya yi wasa da ita, ba a ɗaukar hoton sakamakon gwajin wani a tura zauren WhatsApp ko da sunan neman shawara. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, ga Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da ta hana tona sirrin majinyaci. Tun kafin dokokin nan kuma kun san matsayin amana a addininmu. Ranar da aka ji sirrin mace ɗaya a bakin rijiya, matan garin za su daina zuwa awo, kuma babu manhajar da za ta dawo da su.

Iyayenmu hakimai, ranku ya daɗe, ga 'ya'yanku nan za su shigo ƙasarku da waya a hannu suna tambayar sunaye da shekaru. Jama'a za su yi zargi, kuma suna da hujja, an sha rubuta sunansu ba su ga komai ba. Ku kira su zaure su yi bayani da Hausa da Fulatanci, a gaban liman da mai unguwa da unguwarzoma. In za a zauna zana tsari a Dutse kuma, muna roƙo a ajiye kujera ga wadda ta taɓa karɓar haihuwa da tocilan a baki.

Ɗazu da muke shigowa gari na hango duwatsun nan, na tuna zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masana ke tasowa daga nesa su gani. Waɗanda suka yi shi sun shuɗe tun tuni, shanunsu na nan ana kallo. Ni rajistar da na cika da hannuna a shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan, 1991, na neme ta kafin in yi ritaya, na tarar gara ta bar mini bango kawai. Ina fata naku rubutun ya fi nawa tsawon rai, jaririn da kuka shigar bana ya zo da furfurarsa a buɗe a ga ranar da aka yi masa allurar farko.

Na ga shugaban taro yana duban agogo, ga shi azahar ta kawo jiki. Allah ya sa albarka a abin da kuka koya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. 'Ya'yana, ku matso kusa, za a fara kiran suna, 'yan Gwaram ne farko don tafiyarsu ta fi nisa.